Dodon Roba da Duwatsun Carafke

A shagunan kayan wasan yara na Sabon Gari a Kano ake sayar da shi, cikin kwali mai zanen wani koren dodo da ya wage baki. In ka buɗe, dodon roba ne kwance yana barci, ya rungume tasa cike da 'yan ƙasusuwa masu launi-launi. Akwai ɗan hantsaki, akwai kati da ke faɗa maka ƙashi nawa za ka ɗauko da kuma launinsa. Hannunka na yin rawa ka danna tasar, sai dodo ya zabura da gurnani, ka fita daga wasa. Na gan shi, ya burge ni, na biya kuɗin da ya ishi cefanen gida, na nufi Bacirawa da shi lokacin hutun ƙarshen shekara, an gama girbi, karan dawa jibge a gonaki.

Da na shiga gida na tarar da babbar 'yata da ƙawayenta zaune a ƙasa gindin rumbu suna carafke, ƙafafu duk sun yi furu-furu da ƙura. Ban tsaya ko kallo ba. Na kwashe duwatsun na watsa su bayan danga, na ce daga yau an daina wasa da tsakuwa a gidan nan, ga wasan da zai koya musu natsuwa da iya hannu. Yarinyar ta dubi dangar, ta ce, "To, Baba." Ba ta ƙara kalma ba. Ƙawayen suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Inna tana bakin murhu, duk a kan idonta aka yi. Sai da yaran suka watse ta ce, "Ka san wata nawa kishiyata ta yi tana tsintar duwatsun nan? Kai ma a ƙasar nan ka rarrafa." Na ce, "Inna, zamani ne." Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Ba zan ci haƙƙin dodon ba, daren farko ya yi daɗi. Mun shimfiɗa tabarma bayan isha'i, ni da uwargida da yara, har Inna aka lallaɓa ta karɓi hantsakin, dodo ya zabura, ta saki salati, gida ya kaure da dariya. A gidajenmu ba kasafai uba ke zama wasa da 'ya'yansa mata ba, kuma wannan abin robar ne ya zaunar da ni. Wannan alherinsa ne, kuma ba ƙarami ba ne.

Sai dai wasan ba shi da gaba. Da zarar yaro ya gane cewa sirrin duka kada ka taɓa gindin tasar ne, shi ke nan, ya ƙure shi. Ba mataki na biyu, ba na uku. Kafin hutu ya yi nisa ƙurar hunturu ta shige sifirin ɗin, dodo ya koma zabura ba dalili, wani lokaci kuma a danna shi ya yi shiru. Batir ya mutu. Ƙasusuwa suka fara ɓacewa cikin rairayi, kaji na tsattsagar su. An ƙera shi ne don tebur da ɗaki mai tayil, mu kuwa tsakar gida muke da ita.

Abin da ya fi tayar min da hankali ya faru da hantsi. Uwargida ta ga autanmu, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya cika kumatu yana kakari. Ta kifa shi a cinyarta ta bubbuga bayansa, jan ƙashi ya faɗo. "Malam, ɗauke abin nan daga gidan nan," ta ce, jikinta na ɓari. Na ɗauko kwalin na juya bayansa. Ga alamar nan ƙarara: fuskar jariri cikin jan da'ira an ja mata layi, an rubuta 0-3, wato kada a bai wa yaron da bai kai shekara 3 ba. Ni da nake taƙamar na yi boko, ban karanta ba. Hoton gaba na kalla, da kuɗin.

Bayan haka ne na fara kallon carafke da idon basira, a ƙofar maƙwabta, inda 'yata ta koma yi da aron duwatsu. Yarinya za ta watsa duwatsu a ƙasa, ta cilla ɗaya sama, kafin ya sauko ta wawuri ɗaya daga ƙasa ba tare da ta motsa na kusa da shi ba, ta cafe na saman da hannun nan dai. Ido na sama, yatsu na ƙasa suna aiki ba tare da an dube su ba. In ta gama ɗaiɗai ta shiga bibbiyu, ta shiga uku-uku, har ta kwashe duka a cilli guda. Har watsawar farko dabara ce: in sun bazu da yawa ba za ta tattaro su ba, in sun cure za ta taɓa wanda ba nata ba. Ga lissafi, ga jiran layi, ga alƙalanci, domin ƙawaye sun zuba ido, wadda ta taɓa dole ta amsa ta miƙa. Shi ya sa duwatsun ba kowane iri ba ne. Sai masu sulɓi, girmansu ɗaya, waɗanda suka zauna a tafin hannu. Su na watsar.

Kuma ba abin ƙauye ba ne kamar yadda na ɗauka. Girkawan dā sun yi irinsa da ƙasusuwan ƙafar tumaki, yaran Koriya har yau suna yin nasu da duwatsu 5. Shi kansa Jenga, wasan jera katako 54 da ake zare su ɗaiɗai, wanda ya zaga duniya, Leslie Scott ta samo shi ne daga wasan da iyalinsu ke yi da guntayen katako lokacin suna zaune a Ghana, ta fitar da shi kasuwa a Landan a 1983. Mu nan muna da dara, gurbi 30 a haƙa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, muna da langa, muna da motar kara da yaro ke fiƙewa da hannunsa. Ba ɗaya da ke neman batir.

Ba wa 'ya haƙuri abu ne mai nauyi a bakin uba, na kuwa ji nauyin. Na kira ta gaban Inna na ce, "Uwata, ban kyauta miki ba, kuma a gaban ƙawayenki. Ki yi haƙuri." Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Muka zaga bayan danga tare, kaɗan muka samu, sauran sun nutse cikin kunya da ciyawa. Har yanzu tana cike gurbinsu.

Iyaye, in kun ga dodon nan a kasuwa kuma da hali, ku saya don hirar dare ɗaya ko biyu, babba na zaune, a ƙirga ƙasusuwan kafin a rufe kwali. Gidan da ke da mai rarrafe kada dodon ya shiga. Don koyon iya hannu kuwa, carafke ya fi shi nesa ba kusa ba.