Wasiyyar Baba

Rasuwar Yaya ce ta sa maganar wasiyya ta shigo gidanmu. Shi ne babba a ɗakinmu, ma'aikacin gwamnati, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya ƙanana. Bai bar rubutu ba, kamar yawancinmu. Da aka share makoki muka nufi banki da tunanin cewa tunda sunan matarsa ya rubuta a gurbin makusanci, za a miƙa mata kuɗin. Aka ce mana wannan suna na wanda za a nema ne idan wani abu ya faru, bai mai da kowa magaji ba. Sai mun kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Kamfanin fansho ma haka ya ce. Damina ta wuce, sanyi ya shigo muna kai da kawo, yaran nan kuwa ana koro su daga makaranta. Baba ne ya riƙa biya daga aljihunsa.

Wani dare bayan isha ya aika a kira ni. Na same shi a kan buzunsa, ya ce, "Ka san idan na faɗi yau, 'ya'yan yayanka ba su da ko allura a dukiyata?" Na sani, amma ban taɓa tsayawa na auna ba. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye. Mu baffanninsu mu ne shingen. Baba ya ce yana son a rubuta musu wani abu, rubutun da ba za a yaga ba, kuma na nemo masa lauya.

Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta so ba. Ta ce me ya yi zafi mutum yana cikin lafiyarsa zai zauna yana lissafin mutuwa, kuma Allah ya riga ya raba gado, wane ne lauya? Ba ita kaɗai ke wannan tunani ba a Tudun Wada. Baba bai yi musu da ita ba. Ya roƙi limamin unguwarmu ya shigo gida, shi ya yi mata bayani cewa ba rabon Allah za a taɓa ba: akwai sulusi, kashi ɗaya cikin uku, da shari'a ta bar wa mai dukiya ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba. Ya ba ta labarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, da ya kwanta ciwo ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce in dai don marayun nan ne, a yi.

Lauyoyi ba su yi ƙaranci a Kaduna ba. Duk benen da ka ɗaga kai a titin Ahmadu Bello za ka ga allonsu. Wanda aka fara haɗa ni da shi ƙwararre ne a shari'ar filaye da kamfanoni. Ya ce Baba na iya ba wanda ya so abin da ya so, a buga, shaidu biyu su sa hannu, shi ke nan. Da na mayar wa Baba ya girgiza kai. Wani magatakardan kotun shari'ar Musulunci da muke sallah a sahu ɗaya ne ya ba ni shawarar da ta yi amfani: in nemi wanda ke tsayawa a gaban alƙali a shari'o'in gado, wanda ya san Risala da Mukhtasar kamar yadda ya san dokar Bature, kuma in tambaye shi kuɗin aikinsa tun kafin a zauna.

Wanda muka samu matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Baba, ku faɗa mini abin da kuke so, ni kuma zan faɗa muku abin da zai tsaya a kotu." Na tambaye shi maganar lauyan farko. Ya ce tana da asali. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmi na iya rubuta wasiyya a ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama, ko da ta saɓa wa mazhabar Malikiyya. Hukuncin ya tayar da hankalin malamai da alƙalai a Arewa. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokin wasiyya nasu, suka cire wanda shari'ar Musulunci ke kansa har ya rasu. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi na Kwara a shari'ar Ajibaiye a kan wannan dalili. Wato da mun bi shawarar farko, da takardar da Baba ya dogara da ita ce za ta fara faɗuwa ranar da aka fi bukatarta.

Baba ya zo da tambayoyinsa a kai. Gidan Tudun Wada yake son bar wa jikokin. Barista ya ce sai an yi wa komai kuɗi tukuna, gida da gona da shago da abin da ke banki, a cire bashi, a ga ko gidan ya shige sulusi; in ya shige, abin da ya haura sai da yardar magada. Da aka kimanta, ya haura nesa. Aka koma kan shagon Kasuwar Barci, wanda hayarsa za ta riƙe karatun yaran. Sai maganar autarmu, da ba ta yi aure ba a lokacin. Baba na son a ƙara mata a kan rabonta. Barista ya ce magaji ba a yi masa wasiyya sai in sauran magada sun amince. In kyauta ce, a yi ta yanzu yana da lafiya, ta karɓa ta riƙe a hannunta, don kyautar baki da ba a miƙa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado, wadda aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka. Ya ƙara da cewa malamai na jan kunne a kan fifita wani ɗa a kyauta. Baba ya yi dogon tunani, ya bar maganar.

Da aka zo sa hannu Barista ya ce in fita waje. Ni magaji ne, bai kamata gobe wani ya ce na tsaya a kan tsoho ina nuna masa abin da zai rubuta ba. Liman da wani tsohon abokin aikin Baba ne suka yi shaida, aka naɗa baffa, ƙanin Baba, wasiyyi. Har yau ina ganin wannan korar tana cikin manyan alheran da Barista ya yi mini.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci kuwa ba shagon ba ne, takardar bashi ce. Barista ya dage sai an rubuta duk wanda Baba ke bi da duk wanda ke bin sa, tunda bayan hidimar jana'iza bashi ake fara biya, sannan wasiyya, sannan gado. A nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba: kuɗin amana na wata gwauruwa da ke hannunsa tun rasuwar mijinta, ragowar sadakin amaryarsa da bai cika ba, da rabin gonar hanyar Zariya da ashe na ƙanwarsa ne, gadon ubansu da ba a taɓa rabawa a takarda ba. Da ya tafi da waɗannan a cikinsa, da mun ci haƙƙin mutane muna ganin halaliyarmu ce. Barista ya kuma sa muka nemo takardar mallakar gidan, ya ajiye kwafin wasiyyar a wurinsa, ɗaya a hannun baffa, ya gaya wa Baba cewa yana iya sauya ta duk ranar da ya so. Ya sauya kuwa sau ɗaya, da aka sayar da wani fili.

Bayan rasuwar Baba baffa ya kai takardar gaban alƙali. Wani ɗan uwanmu ya ɗan yi ƙorafi cewa shagon ya fi sulusi yanzu da kasuwa ta tashi, aka sake kimantawa, aka ga bai kai ba. Aka biya gwauruwar amanarta, aka ware wa gwaggo rabin gonarta, aka fitar wa matan Baba tumuninsu, sannan aka raba saura. Makullin shagon aka danƙa wa mahaifiyar yaran a gaban shaidu, babbarsu kuma bana take aji biyu a Jami'ar Ahmadu Bello.