Akawal

Kekena baƙi ne, ƙirar Raleigh ta Nottingham a Ingila, mai tambarin zalɓe a goshi. Akawal nake kiransa, kamar baƙin doki. Ba a yanka rago ba, sunan dai ya bi shi, har mai facin unguwarmu kan ce, "Malam, yau me ke damun Akawal?"

Tun da ya samu suna na kasa sayar da shi. Babur ya fi shi sauri, na sani. Amma abin da ka raɗa wa suna, ko kukan sarƙarsa daban kake ji, ka san lokacin da take son mai. Aro kam ina bayarwa, sai dai ban da yaran da ke taka birki da silifa.