Katangar Littattafai a Alƙahira

Tun ina yaro a zauren malaminmu nake jin ana cewa "bugun Misira". Idan malam ya ɗauko Risala ko Jalalaini mai takarda ruwan ɗorawa, wadda aka cika tsakiyarta da rubutu aka kuma zagaye gefenta da wani, sai ya shafa bangon da tafin hannu kamar mai shafa kan jikansa. Saboda haka da Allah Ya kai ni Alƙahira, abokan tafiya suna ta ɗokin zuwa dalar Giza, ni kuwa hankalina na kan inda littattafan nan suke fitowa.

Wani ɗalibin Azhar, Bakatsine, ya rubuta mini kalmomi a 'yar takarda: Ataba, Sur al-Azbakiyya. Na shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, na sauka a tashar Ataba, na hau matakala, sai na tsinci kaina cikin wata kasuwa kamar an juye Kantin Kwari da Sabon Gari a ƙwarya ɗaya. Takalma, cajar waya, rigunan yara, kowa na kiran ciniki. Littafi ko ɗaya ban gani ba. Na yi tambaya da Larabcin da na koya a Ajurumiya, aka amsa mini da wani Larabci mai gudu, wanda jimun ya koma "ga", ƙaf kuma ta ɓace ɗungurungum. Sau uku ina zagayowa wuri ɗaya. A ƙarshe wani saurayi mai tallar shayi ya karɓi takardar, ya duba, ya ce "ta'ala ya ustaz", ya ja ni ta wani tsuke tsakanin rumfuna.

Na tsaya cak. Rumfunan littattafai ne jere, fiye da ɗari, ƙanana, kowace ba ta fi shagon mai gyaran agogo ba, amma an cusa mata littattafai daga ƙasa har rufi, saura sun zubo waje an jibge su kamar tulin doya a 'Yan Kaba. Ga littattafan likitanci da Ingilishi, ga mujallu da suka girmi mahaifina, ga ƙamus na Faransanci, ga tafsiri mujalladi goma an ɗaure da igiya. Ƙamshin tsohuwar takarda da ƙura ya daki hancina, nan take zauren malam ya dawo mini.

"Sur" katanga ke nan. Lambun Azbakiyya, wanda aka ƙawata a zamanin mai mulkin Misira Khedive Isma'il, yana da katanga, masu tallar littafi kuma suka riƙa jera hajarsu a jikinta, har sunan ya bi su. An sha tashin su, musamman lokacin haƙa hanyar jirgin ƙasan nan, suka koma wata unguwa, suka sake dawowa. A Kurmi muna da layin masu littattafai, ina kuma alfahari da shi, amma yawanci sababbin littattafan addini ne. Nan kuwa littafin da wani ya gama da shi ne yake zuwa neman sabon uban gida. Malami ya rasu, magada su kira ɗan Azbakiyya ya kwashe ɗakin karatunsa, bayan mako guda ɗalibi talaka ya sayi littafin da kuɗin shayi kofi biyu, da rubutun marigayin a gefen shafi. Na tuna akwatunan littattafai da na gani gara ta cinye a gidajen malamanmu bayan rasuwarsu, raina ya sosu.

A wata rumfa na tarar da dattijo mai farar jallabiya da tabarau mai kauri. Ganin ina fama da harshen gari, sai ya koma Larabcin littafi, a hankali, kamar mai karanta huɗuba. Da ya ji daga Nijeriya nake, ya ce, "Malikawa ke nan." Ya turo mini kujera, ya aika a kawo shayi. Na ɗebo manyan littattafai guda shida na tarihi da adabi na tara a gabansa. Ya dube su, ya dube ni.

"Ɗana, wanne za ka buɗe yau da dare?"

Na ce, "Baba, duk ina bukatar su."

Ya ce ba bukata ya tambaye ni ba. Shekararsa arba'in a nan, in ji shi, ya kuma san littafin da ake saya don a karanta da wanda ake saya don mutum yana jin kunyar bai karanta shi ba. Na biyun nan shi ne yake dawo masa bayan shekara goma ko shafinsa ba a yanke ba. Ya umarce ni in karanta shafi biyu daga tsakiyar kowanne, a nan inda nake zaune. Wanda ya riƙe ni in ɗauka. Wanda ya ƙi ni in ajiye, ba gaba muka ƙulla ba, wataƙila lokacinsa ne bai yi ba. Ban taɓa ganin ɗan kasuwa yana rage wa kansa ciniki da hannunsa ba sai ranar. Biyu na ɗauka.

Muna cikin haka wata budurwa mai lulluɓi ta iso, da littafin ilimin sassan jiki a hammata, ta tambayi wasu ƙananan littattafai da ba su fi tafin hannu ba. Dattijon ya jawo kwali cike da su, masu bango mai zane-zanen dodanni da 'yan leƙen asiri. Na tambaya, mene ne waɗannan? Ita ce ta amsa, fuskarta na haske. Labaran aljihu ne na Ahmed Khaled Tawfik, likita ne kuma malami a jami'ar Tanta, ya fara fitar da jerin labaransa na ban tsoro a 1993. Kafin shi akwai Nabil Farouk da labaransa na jami'in asiri. Ta ce da waɗannan ta koyi zama da littafi, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, tana ɓoye su cikin littafin lissafi. Da Tawfik ya rasu a 2018, matasa daga garuruwa daban-daban suka yi tururuwa zuwa jana'izarsa, har yau kuma kirarinsa shi ne mutumin da ya sa matasa karatu. Dattijon ya ƙara da cewa duk wanda ka ga yana neman manyan marubuta irin su Taha Hussein ko Aƙƙad a wannan layi, ka bincika, ta wannan kwalin ya shigo.

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Mu ma muna da kwalinmu. Littattafan soyayya da aka riƙa bugawa a Kano, waɗanda aka laƙaba wa "adabin kasuwa" da sigar raini, su ne suka koya wa mata da yawa karatun boko a cikin ɗakunansu. Na san shagunan da ake ba da hayar su kwana ɗaya ko biyu, littafi ya zagaya gida goma har bangonsa ya fita. Ni da kaina na taɓa ƙwace irinsu a hannun 'yar yayana, na ce ta je ta karanta abu mai amfani. Ba ta karanta mai amfanin ba, ta dai daina karatu a gabana. Ba na cewa duk abin da aka buga alheri ne, akwai na zubarwa. Amma a rumfar nan na ga mutanen da suka karrama wanda ya buɗe wa 'ya'yansu ƙofa, na kuma yi nadamar ƙofar da na rufe.

Washegari na nufi bayan masallacin Azhar, inda shagunan littattafan addini suke. Nan kam gida na zo. Ga Ishmawi, ga Iziyya, ga Mukhtasar na Halilu, kuma a nan ne na tsaya na yi tunanin cewa mawallafan ukun duk Misirawa ne, haka ma Jalalu biyun da suka yi tafsirin da ake karanta mana da azumi. Ɗayansu, Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas. Ashe tun ƙarni biyar takarda ke kai da komo tsakanin wannan gari da namu.

Daf da masallacin, cikin wani tsohon gini na zamanin Usmaniyya, aka buɗe gidan tarihin Najib Mahfuz a 2019. Na san shi ne marubucin Larabci na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi, a 1988. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya rayu. Ma'aikacin gwamnati ne, yana zuwa ofis kamar kowa har ya yi ritaya a 1971. Sai ya taso daga aiki yake zama ya yi rubutu, a sa'o'in da ya ƙayyade, ba ya jiran sha'awa ta zo. Da bazara ciwon ido kan hana shi, sai ya dakata har sanyi ya shigo. Da haka ya tara littattafan labari fiye da talatin. Ko karɓar kyautar bai je ba, 'ya'yansa mata biyu ya tura. A 1994, yana ɗan shekara 82, wani ya soke shi da wuƙa a wuya, hannunsa na dama ya samu rauni. Tsohon nan ya koma koyon riƙe alƙalami kamar ɗan aji ɗaya, ya ci gaba da rubuta gajerun mafarkai. Na daɗe tsaye gaban tabaransa. Mu nawa ne muke da littafi a baki shekara da shekaru, muna cewa sai mun samu sarari?

Daga nan na shiga neman Zuƙaƙ al-Midaƙ, lungun da ya sa wa littafinsa na 1947 sunansa. Na wuce shi sau biyu ban sani ba, sai da wani mai sayar da kayan ƙamshi ya nuna mini da haɓa. Ɗan lungu ne mai hawa, da 'yar majalisar shayi a bakinsa, taku kaɗan ka kai ƙarshe. Wallahi lungun gidanmu ya fi shi tsawo. Daga wannan ɗan tsukin mutumin ya fitar da mai aski, da mai gidan shayi, da budurwa mai dogon buri, har aka fassara su zuwa harsunan duniya. Na tsaya ina lissafa mutanen lungunmu: mai ƙosai da ta aurar da 'ya'ya bakwai da kaskonta, ladanin da muryarsa ta dushe amma ya ƙi sauka, tela mai labarin yaƙin basasa. Ba wanda ya rubuta su.

Kafin magariba na koma bayan Azhar, wurin wani mai ɗinkin littattafai da na hanga da safe. Yana ɗinke shafuka da zare, ya yi musu bango da fata, irin aikin dukawanmu masu gafaka, sai dai shi yana buga suna da ruwan zinariya a jikin bangon. Na zaɓi kundi mai farar takarda, bango ja. Ya tambaye ni sunan da zai buga. Na rubuta masa sunan 'yar yayana da haruffan Larabci. Ya jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora su a wuta, ya ce in zauna, shayi na zuwa.