Ranar Da Motar Kawu Ta Ƙi Tashi

Tun ranar da na shiga sashen lantarki sunana ya ɓace a gidanmu. Injiniya kawai ake kira na. Fanka ta tsaya, a kira Injiniya. Rimot ya ƙi aiki, a kira Injiniya, ko da batir ne kawai ya mutu. Duk ɗan poli ya san wannan sarautar da ake naɗa mana tun ba mu gama zangon farko ba. Ni dai na karɓe ta hannu bibbiyu, har sai da motar kawuna ta kusa tuɓe min rawanin.

Bayan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Kawu ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayo Nissan Leaf ƙirar 2013, tokumbo daga Amurka, wadda ba ta shan mai ko ɗigo. Yadda yake fama da cajinta kuwa labari ne na wata rana. Wata safiya ya sa ribas zai fita daga lungunsu, ashe autansa ɗan shekara uku ya tsuguna daidai bayan motar yana wasa da murfin kwalba. Motar tana da 'yar ƙara da take yi idan za ta ja da baya, amma ina za a ji ta ga injin markaɗen maƙwabta yana ta ruri? Ihun wata mata mai sayar da ƙosai ne ya sa ya taka birki. Tsakanin bamba da yaron bai kai taku biyu ba.

A Amurka doka ta wajabta wa duk sabuwar mota zuwa da kyamarar baya tun daga watan Mayun 2018. Ta Kawu ta girmi dokar, kuma samfurin mai araha ce, ba ta zo da ita ba. Da daddare ya kira ni, har lokacin muryarsa ba ta dawo daidai ba.

"Injiniya, za ka iya sa wa motar nan ido ta baya?"

"Haba Kawu, ai wannan ƙaramin aiki ne."

Bakina ne ya faɗi haka, cikina kuwa ya ɗuri ruwa. Babban batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin motar yana ɗauke da wuta kusan bolt 360, kuma duk wayar da ta fito daga gare shi launin ruwan lemo aka yi mata don gargaɗi. Na raba dare ina kallon bidiyo a YouTube, abu ɗaya na haddace: kada ka kusanci waya mai ruwan lemo. Fitilu, rediyo, hon da sauran tarkace duk a kan ƙaramin batir mai bolt 12 suke, irin na kowace mota. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta. Ya ma kwanta fiye da kima.

Na sayo kyamara da ɗan allo da ake maƙalawa a kan madubin ciki. Na ɗaura kyamarar saman lamba, na nemo wayar fitilar ribas da mita, Kawu yana danne da birki ni ina baya ina gwaji. Abin da ya fi cin rai shi ne jan wayar hoto daga but har gaba, ta cikin 'yar robar nan da ke haɗa ƙofar but da jikin mota. Awa biyu na yi a nan kaɗai, har da sabulu na shafa wa wayar kafin ta yarda ta wuce.

Da hoto ya fito sai na ga abin da ke dama yana hagu. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don direba ya saba da madubi, idan ya ga yaro a dama zai kauce hagu, alhali can yaron yake. Kyamarar tawa tana da 'yar waya da aka lanƙwasa kamar zobe, yanke ta ne ke juya hoton. Na yanke, na sa ƙanena ya tsaya a baya ya ɗaga hannun dama, komai ya daidaita.

Saura wutar allo. Magariba ta kawo jiki, na gaji, sai na buɗe akwatin fiyus na ɗora mita a kan layin farko da na samu. Ta nuna bolt 12. Na haɗa har da wutar kyamarar a nan, wai don hoto ya riƙa fitowa nan take, wayar ribas kuma ta zama mai ba allo umarni kawai. Kawu ya gwada, ya yi ta sa min albarka, har da na shan ruwa ya ba ni.

Kwana biyu bayan haka suka tafi biki ƙauye a motar haya, suka yi kwana biyar. Washegarin dawowarsu matarsa tana da ganin likita da ƙarfe takwas. Ya danna maɓalli, shiru. Ko fitilar gaban direba ba ta kawo ba, ga shi kuma da cikakken caji ya ajiye ta. A Adaidaita Sahu suka tafi asibiti. Ina cikin lakca kiransa ya shigo, kuma a karon farko cikin shekara biyu da sunana na yanka ya kira ni.

Wallahi a hanya har lissafin kuɗin babban batir na fara yi, ina tunanin gonar wa za a sayar.

Na tarar ya kira wani dattijon rewaya na bakin titi, wanda ko firamare ban jin ya gama. Bai ko kalli wayoyin da nake tsoro ba. Ya buɗe gaban mota ya ɗora ƙwan gwajinsa a kan ƙaramin batir, ƙwan ya yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

"Yaro, daga ina ka ɗauko wutar allon nan?"

Na nuna masa. Ya taɓa layin da ƙwan, mota a kashe, ya ce in duba da mitata. Akwai wuta.

"To ka gani. Wannan layin ba ya barci. Kun tafi kun bar shi yana tsotso."

Ya ce ya sha ganin haka a Prius. Ya kawo wani batir ya yi mata jam, nan take ta farka kamar ba ita ba.

Sai daga baya na zauna na fahimci abin da ya faru. Idan an kashe motar lantarki, wasu manyan makunnai suna raba babban batir da sauran jikinta. Kwamfutar motar ce ke rufe su, ita kuma da ƙaramin batir take tashi. In ya mutu, duk wutar da ke cikin babban tana nan amma a kulle, kamar rumbu cike da hatsi an jefa makullin a rijiya. Na auna abin da allo da kyamara ke ja suna zaune: wajen miliamfiya 200. Ka buga da awa 24, ka buga da kwana biyar, ka samu amfiya-awa 24. Ga batir ɗin dama ya tsufa. Wannan lissafin ɗan aji ɗaya ma zai yi shi a bayan takardar jarrabawa. Ni na auna ko akwai wuta, ban kashe motar na sake aunawa ba. Sau nawa aka faɗa mana haka a ɗakin gwaji muna ta danna waya?

A gaban dattijon na sake aikin. Na mayar da allon kan layin wurin cajin waya, wanda ke mutuwa da an kashe mota, na sa masa nasa fiyus, kyamara kuma na bar ta a kan fitilar ribas ita kaɗai. Ya duba haɗin, ya ce in ƙara naɗe shi da tef, na ƙara. Sabon ƙaramin batir kuwa Kawu ne ya saya, na ce a cire a kuɗin da ya ba ni, ya harare ni.

Yanzu kullum da safe sai ya sa ribas ya tsaya ya ƙura wa allon ido, sannan ya sauke gilashi ya ƙwala wa autan kira, sai ya ji amsarsa daga cikin gida yake sakin birki. Satin da ya wuce firjinsu ya fara ƙara. Na ji matarsa tana cewa a kira Injiniya, shi kuma ya ce a kira shi, amma a gaya masa ya biya ta bakin titi ya taho da malaminsa.