Takardar 'Yan Sanda da Mai Tsaya Maka

A zamanin da muka fara neman aiki, ba wanda ya taɓa tambayarmu takarda daga 'yan sanda. Tambaya biyu ce: ɗan gidan wa ne, kuma wa zai tsaya masa? Mai unguwa ya rubuta wasiƙa, dagaci ya buga hatimi, wani dattijo ya raka ka har gaban mai ba da aiki ya ce, "Yaron nan na san shi, na san ubansa. In ya yi ɓarna ni za a nema." Da wannan magana aka danƙa wa mutane makullan sito da jakar kuɗi.

Yanzu gari ya cika ya batse. Mai kamfani a Abuja bai san ubanka ba, balle wanda zai ɗauke ka direba a Saudiyya ko mai jinya a Ingila. Ban ga laifinsa ba in ya ce a kawo masa takardar shaidar hali. A Najeriya 'yan sanda ke bayar da ita, kuma babban kundin masu laifi na ƙasa yana Alagbon, a Ikoyi ta Legas. Yau ana neman takardar ta shafin POSSAP a intanet: ka sa lambar katin ɗan ƙasa, ka biya kuɗi, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki zanen yatsunka. In waje za ka kai ta, galibi sai Ma'aikatar Harkokin Waje ta ƙara mata hatimi. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa kotu suke zuwa su karɓi tasu takardar da suke kira kaziye, kuma a kan ce kada ta wuce wata 3 da fitowa.

Samari, ku nemi takardar nan da kanku, kuma tun kafin a ƙure muku lokaci. Kada ku miƙa wa ɗan kamasho kuɗi ya ce zai fito muku da ita ba tare da an ga yatsunku ba. Ta jabu zai kawo, ranar da aka gano kuwa kun sa wa kanku laifin da da ba ku da shi. Ku kuma duba yadda aka rubuta sunanku. Na ga yaron da yake Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a fasfo, Muhammad a katin ɗan ƙasa, aka yi ta mai da shi baya har damar ta wuce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake karanta takardar. Ba ta faɗin halin mutum. Abin da take faɗi kawai shi ne ko an sami sunansa da yatsunsa a kundin. Ɓarawon da bai taɓa shiga hannu ba tasa fara ce fes. Yaron da ya yi kuskure sau ɗaya yana ɗan shekara 19, aka yanke masa hukunci, ya gama zaman wa'adinsa, tasa na iya bin sa har furfura.

Akwai wani a unguwarmu da ya ɗauke injin ban ruwa a gonar maƙwabci, ya yi zaman gidan yari, ya fito da sana'ar kafinta a hannunsa. Da aka buɗe neman ma'aikata a wani wurin ƙera kujeru, ya zo zaure bayan la'asar ya durƙusa, hularsa a hannu yana murza ta. Ya ce, "Baba, sun ce a kawo takardar 'yan sanda. In ce musu me?"

Na ce, "Ka faɗa musu da bakinka tun takarda ba ta faɗa ba. Ni zan raka ka."

Muka je. Ya yi bayani kansa a sunkuye, bai ɓoye komai ba. Mai wurin ya yi shiru, sannan ya miƙa masa katako da zarto ya ce ya haɗa masa ƙafar tebur. Da ya gama, mai wurin ya juya ta, ya girgiza, ya duba mahaɗin, ya waiwayo gare ni ya ce, "Alhaji, ka tsaya masa?" Na ce na tsaya. Yau shi ke koya wa yaran wurin aiki.

Ba kowa ne zan raka ba. Wanda aka kama da lalata yara ba zan kai shi aikin makaranta ba, ko da ɗan cikina ne, kuma a irin wannan yanayi takardar tana da babban amfani. Amma ƙin duk wanda ya taɓa shiga gidan yari, ba a tambayi me ya yi ba, yaushe, kuma me ya zama bayan nan, zalunci ne. A 2019 aka sauya doka, gidajen yari suka koma gidajen gyaran hali. In an gyara mutum ya fito kowa ya rufe masa ƙofa, ina ake so ya nufa in ba wurin abokan da suka kai shi can ba?

Tsarin mulkinmu na 1999 ma bai yi wannan tsanani ba. Wanda aka yanke wa hukunci kan laifin rashin gaskiya, shekara 10 ake hana shi takarar majalisa, daga nan ya sami dama. A Ingila tun 1974 suke da dokar da ta ce yawancin laifuffuka, in mutum ya yi wasu shekaru bai sake ba, ba dole ne ya ambace su wajen neman aiki ba, sai a ayyuka irin na kula da yara da marasa lafiya. Ina roƙon 'yan majalisarmu su duba irin wannan doka, su sa wa ƙananan laifuffuka wa'adi, domin mai neman aikin gadi ko tuƙi ya sami sassaucin da aka yi wa mai neman kujera.