Minti 15 a Kan Benci

A wani ƙaramin asibiti a Jikwoyi, ɗan gangare kaɗan daga titin da ya tashi daga Nyanya zuwa Karshi, nas ta soki yatsan ɗana, ta ɗiga jinin a 'yar robar gwajin maleriya, sannan ta danna agogon wayarta: minti 15.

"Baba, ku zauna tukuna," in ji ta. "In aka yi gaggawa layin bai gama fitowa ba, in aka daɗe kuma ya yi ƙarya."

Kafin lokacin ya cika ta ɗage rigar yaron, ta zuba wa ƙirjinsa ido minti guda cur tana ƙirga numfashi. Ga ɗan shekara uku, in ya kai 40 sai a fara zargin ciwon huhu. Bai kai ba.

Ina zaune sai na tuna cewa su ma masu riƙe agogon akwai masu riƙe musu. Akwai manhajar WOMBAT, wadda Johanna Westbrook da abokan aikinta suka samar a Ostareliya. Mai bincike na biye da likita, da 'yar kwamfutar hannu, yana dannawa duk sanda aiki ya sauya: me yake yi, da wa, wa ya katse shi. Da ita aka bibiyi likitoci 57 a Amurka, aka wallafa a 2016 cewa kowace awa guda gaban mara lafiya tana jawo kusan biyu gaban kwamfuta da takardu.

To, a nan wane madanni za a taɓa in an ɗauke wuta ana jiran a tada janareta? Wanne ne na gaisuwa?

Domin wata tsohuwa ta shigo a lokacin. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya zafi. Sun ci minti uku ba a ambaci ciwo ba. Mai danne-danne zai iya jefa wannan a layin hira. Amma a tsakiyar "ya gida" ne tsohuwar ta suɓutar da cewa sati biyu ke nan ta ajiye maganin hawan jini tana shan jiƙo. Nas ba ta ɗago ba, ta dai miƙa hannu ta jawo abin awon jini.

Wayar ta yi ƙara. Nas ta ɗauki robar ta karkata ta wajen taga. Layi ɗaya: babu maleriya.