Talotalo da Amanar Wuƙa a Ƙasar Kurmi

  

Yau ina so mu ɗan tattauna a kan talotalo, wanda maƙwabtanmu Yarabawa suke kira tolotolo. Duk wanda ya zauna a Ibadan ya san cewa da zarar watan Disamba ya raba, kasuwar tsuntsaye sai ta cika ta batse saboda Kirsimeti da sabuwar shekara. Mahaifina kaji da zabi yake sayarwa, a ƙarshen shekara kuma ya ƙara da talotalo, don haka tun ina ƙarami nake riƙe fiffike ana yanka. Da yawa daga cikin Kiristocin da ke saye a wurinmu sukan ce mu yanka musu da hannunmu, domin a gidan Bayarabe ba wuya ka tarar da Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya, kuma suna so kowa ya ci babu shakka a ransa. To wannan amana ce babba, kuma ni a ganina ba ta ƙarewa a bakin wuƙa. Idan naman ya lalace a gida, yara suka kwana suna amai da gudawa, ba wanda zai tuna cewa an ɗauke wuta kwana biyu. Abin da za a ce shi ne, a wurin Hausawa aka saya.

Shi ya sa mahaifina yake da tambaya ɗaya da yake yi wa duk wadda ta zo saye: “Mama, yaushe za a dafa?” In ta ce sai jibi ko gata, sai ya ce, “To ki bar shi da ransa, ki dawo ana gobe biki.” Wasu su ji haushi, su ce Alhaji ba ya son ciniki. Alhali gaskiya yake faɗa musu. Talotalo mai rai ba ya buƙatar firji ko janareto, ɗan dawa ko masara da ruwa da inuwa sun ishe shi. Sai dai in an tashi yanka, a janye masa abinci kamar awa 8 zuwa 12, a bar masa ruwa kawai, don hanjinsa ya rage kaya, kada kashi ya ɓata naman wajen fiɗa.

Da zarar an yanka kuwa, lissafi ya soma. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter suna zama a hanji da fatar tsuntsu ko da lafiyarsa ƙalau. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin Salsiyas ne ƙwayoyin da ke ɓata abinci suke hayayyafa da sauri, kuma rana a nan ko a Disamba takan wuce digiri 30. Ƙa'idar da masana abinci suka bayar ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1 kacal. Mu da muka saba jin labarin yadda iyayenmu a arewa ke yanyana nama su shanya iskar hunturu ta busar da shi, mu tuna cewa iskar kurmi tana da laima. Abin da ya yiwu a Katsina ba lallai ya yiwu a Mokola ba.

Ga yadda ya kamata a yi. A fige shi nan take, a fitar da kayan ciki a hankali kada hanji ko matsarmama su fashe, a ware ƙundu da hanta a kwano daban domin su ne ke saurin lalacewa. In ba gasa shi za a yi sukutum ba, a yayyanka shi, don sanyi ya fi saurin ratsa ƙananan yanka. A ƙulle a leda, a ɗora a faranti mai zurfi, a sa a can ƙasan firji yadda jininsa ba zai ɗiga a kan kabeji ko dafaffen abinci ba. Firjin ya kasance digiri 4 ko ƙasa da haka, kuma ko a hakan kwana 1 zuwa 2 ne iyakar ɗanyen talotalo. Wato in ranar 25 ga wata za a ci, kada a yanka kafin 23. Wuƙa da katako da hannu duk a wanke da sabulu, wurin da aka wanke naman ma a goge shi sosai, domin fantsamar ruwan ita ke kai cuta kan sauran kwanuka.

To ina batun wuta, wadda kowa ya san halinta? Firjin da aka bari a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke. Firiza cikakkiya takan kai awa 48, wadda take rabi kuma awa 24, matuƙar ba a yi ta buɗewa ba. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya sayi ƙanƙara ya jera a kula, nama a tsakiya, yana zubar da ruwan yana ƙara sabuwa. In hakan ma ba zai samu ba, to a koma dabarar iyayenmu mata ta lokacin layya: a tafasa da gishiri da kayan ƙamshi, a soya ya soyu ƙarau a ranar da aka yanka. Amma ko soyayyen ba a sakankance da shi, domin akwai ƙwayoyin da ke barin dafi a abinci wanda ɗumame ba ya kashewa.

Wanda ya daskarar da nasa kuma, kada ya fito da shi ya ajiye a tsakar gida wai ya narke, domin waje zai ɗumama ciki yana nan dutse. A firji ake narkar da shi, kimanin awa 24 ga kowane kilo 2, ka ga mai kilo 6 sai ya ci kwana 3. In ana sauri a nutsa shi cikin ruwan sanyi a ƙulle a leda, ana sauya ruwan duk minti 30, kusan awa ɗaya ga kowane kilo, sannan a dafa nan take. Wajen dahuwa kuma sai tsakiyar cinya ta kai digiri 74.

Akwai kuma daskararren talotalon katan da ake ratsowa da shi daga Kwatano. Tun zamanin mulkin Obasanjo gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji, saboda haka a ɓoye yake tafiya, kuma ba wanda zai iya faɗa maka sau nawa ya narke ya sake daskarewa a hanya. Araha dai ba ta ado. Kada kuma a dogara da hanci, domin nama yana iya ɗauke da Salmonella babu wari ko kaɗan, ciwon kuma yakan bayyana daga awa 6 har zuwa kwana 6 bayan an ci. Ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu su suka fi jin jiki.

'Yan uwa, mu baƙi ne a nan ko da an haife mu a nan, kuma jarin baƙo sunansa. Tun 1916 aka kafa Sabon Ibadan, kakanninmu da riƙon amana suka zauna lafiya da mutanen gari. Don haka kai mai sayarwa, kada ka ji nauyin tambayar mai saye ranar da zai dafa, ko da cinikin zai jira kwana biyu. Kai kuma da maƙwabci ya kawo maka kyautar cinya, ka sa ta a wuta da wuri. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin. Wassalam.